Ƙararrawar Ɗan Gaba

A duk 'yan keken Gangarar Dashi babu wanda ya kai Zaharaddini tsoro, kuma shi da kansa bai taɓa musun haka ba. Mutum ne dogo mai faɗin ƙirji, in ka hango shi daga nesa sai ka ce wannan shi za a tura ya kamo bijimi in ya tsinke igiya. Amma ko ƙadangare ne ya yi motsi a cikin kara sai ka ga ya damƙe birki yana salati. Abokan tafiya suna ce masa farar kura, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce su yi ta faɗa, wanda ya ɗauko ƙwai ba ruwansa da jarumta.

Sana'arsa ke nan, ƙwan zabi. Da damina ta kankama zai bi gida-gida yana saye a hannun mata, ya jera a kwando cikin ƙaiƙayi, ya ɗaure a kariya, ya bi kasuwanni. Ya san hanyar Tsanyawa, ya san ta Bici, in ƙafa ta yarda har Ɗanbatta yakan kai. Duk waɗannan hanyoyi ne na mutane: gona na bin gona, gida na kallon gida, ba za ka yi nisa ba ka ji sallama ko ƙarar daka ba. Hanya ɗaya ce ta fita zakka, ita ce ta kasuwar Kanyar Maje, wadda ta ratsa ta tsakiyar Gandu.

Gandu ba wani ƙasurgumin daji ba ne. Tun zamanin iyaye gwamnati ta dasa dalbejiya da turare don su tare iska, itatuwan suka girma suka haɗe da tsamiya da marken kwarin da ke wurin, sarƙaƙiya ta cike tsakani. Tsohuwar kwalta ta bi ta ciki, ta farfashe, motoci suka bar ta suka koma zagaye ta babban titi. Zagayen nan kuwa ga mai keke, kafin ya isa kasuwa ta watse. A da ba abin da ake tsoro a Gandu sai ƙaya. Shekarun nan ne 'yan bindiga suka fara leƙowa daga yamma, ba kullum ba, sai an soma mantawa da su, su tare hanya su kora mutane daji. Wasu sun dawo bayan 'yan'uwa sun rabu da gona. Wasu har yau ana jira. Masu babur tuni suka haƙura da hanyar, domin babur ɗin ma abin nema ne a wurin mutanen. 'Yan keke ne ba su da yadda za su yi.

Malam Dallatu mai faci ne ya fito da dabara. Tsoho ne mai taurin kai, wanda ya zama shugaban 'yan keke ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya ce daga yau ba mai shiga Gandu shi kaɗai, kuma ba za a shiga a dunƙule ba. Mutum ɗaya zai ja gaba, ba kaya a kekensa, yana buga ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa tun daga bakin daji har ya ɓulla gonakin Kanyar Maje. Sauran su biyo baya, da tazarar da ido ba ya ganinsa amma kunne na jin sa. Muddin ƙararrawa na kaɗawa, hanya lafiya. In ta yi shiru, kowa ya juya kan kekensa ya taka, ba tambaya, ba leƙe, ba a shiga neman ɗan gaba ko da ɗan cikinka ne. Jan gaban kuma bi da bi ake yi, kowa da ranarsa.

Dabara ce mai kyau ƙwarai in kana cikin na baya.

Sau nawa ranar Zaharaddini na zagayowa ya tashi da ciwon ciki? Wata rana taya ce ta sace tun a zaure. Wata rana surukinsa ne ba lafiya, a wani gari da ba wanda ya san yana da suruki a can. Mutane suka yi ta kawar da kai, don mutum ne mai daɗin zama, ba ya hana aron famfo, kuma in ƙwai ya tsage shi ke dafawa ya rarraba. Amma kawaici ma yana da iyaka.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi-sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, gero a gonaki ya fi mutum tsawo. Zaharaddini bai ɗauko ƙwai ba, mahaifiyarsa ya ɗauko. Inna Fanta ta daɗe da ciwon yana, yanar ta rufe mata ido duka biyun, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Likitocin ido sun sauka a asibitin Kanyar Maje suna aiki kyauta, an kuma ce ranar za su tattara kayansu. Ya naɗe mata tsohon bargo a kan kariya don kada ƙarfe ya dame ta, ya goyo ta yana kauce wa kowane rami. Yana son uwarsa, wannan ba a magana. Amma in za a faɗi gaskiya, ya kuma lissafa cewa ranarsa ce ta jan gaba, mai goyo kuwa ba ya jan gaba.

A gindin tsamiyar da ke bakin Gandu suka tarar da ayari ya taru. Masu kaji da akurkinsu, masu tabarmi, mai manja, mai tsire da tirensa, kowa na duba iskar tayarsa. Malam Dallatu yana tsugune yana ɗaure wa wani sarƙa, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Dini, yau kai ne."

"Malam, ai ka ga da Inna nake tafe."

"Na gani. Ga ƙaninka Muntaka nan, kariyarsa ba komai, taki zai sayo. Shi ma ɗanta ne, ƙafarsa ma ta fi taka ƙwari."

"Malam, ba ta saba da tuƙinsa ba, gudu yake yi."

Wani daga cikin masu kaji ya ce, "To yau ba surukin ba ne?" Aka tuntsire da dariya.

Inna Fanta ba ta yi dariya ba. Ta laluba da ƙafa ta taɓa ƙasa, ta ce, "Muntaka, zo ka sauke ni. Ka gaya wa wancan ya bar ba mu kunya a gaban mutane. Ubansa da jaki yake ratsa dajin nan, ba ƙararrawa ba komai."

An ce tsoro na daji, kunya na gida. To shi ranar su biyun suka haɗu masa a bakin daji, kunya ta yi rinjaye. Ya kwance bargon ya miƙa wa Muntaka ba tare da ya dubi kowa ba. Da za a wuce da ita ta gabansa, sai Inna ta kamo hannun rigarsa, ta bi shi da lalube har ta samu tafinsa, ta yi addu'a ƙasa-ƙasa ta tofa masa, ta sake shi.

Ya hau keke, ya yi bisimilla, ya ɗora babban yatsa a kan ƙararrawa, ya shiga.

Daga shigarsa haske ya ragu. Rassa sun haɗe a sama, ruwan daren jiya na ɗiga daga ganye yana sauka masa a wuya, kowane ɗigo sai ya zabura. Kwaltar duk ramuka ce cike da ruwa, ciyawa ta cinye gefenta ta bar wata 'yar siririyar hanya a tsakiya. Ƙarar ƙararrawarsa sai ta zama wata iri a kunnensa, tana tafiya cikin itatuwa tana dawowa, kamar wani ne ke amsa masa daga can ciki. Ya karanta duk abin da ya iya, ya haɗa Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu ya cakuɗa, ya sake farowa. Wani baƙin kututture da ya hango a kwana sai da ya sa ya kauce can gefe. Zabin daji suka tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarsa, saura kaɗan ya faɗa rami. Amma yatsan bai tsaya ba, don ya san can baya mutane na tafe a kan sautin nan, cikinsu har da Inna.

Da tafiya ta yi tafiya ba abin da ya faru, sai zuciya ta fara saukowa. Ka san halin ɗan Adam. Har ya soma shirya abin da zai gaya wa mai kajin nan in sun isa, yadda zai jingine keke ya ce ashe wannan ne abin da kuke ta kurari a kai. Yana cikin wannan hanya ta gangara zuwa kwalbatin da ke tsakiyar kwari, inda rafi ya cika da jan ruwa, ya fito ta ƙarƙashin titi ya bi gefensa cikin wani kwazazzabo mai zurfi.

Akwai mutum zaune a kan kwalbatin.

Zama yake irin na wanda ya gaji yana hutawa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, bindiga kwance a cinyarsa, fuska naɗe da rawani sai ido. Bai miƙe ba, bai ɗaga bindigar ba. Babban yatsansa kawai ya ɗaga ya motsa shi a iska, ya ce cikin murya mai laushi, "Kada ka bari ta yi shiru."

Ba ta kuwa yi shiru ba. Wannan shi ne abin takaicin. Jikin Zaharaddini gaba ɗaya ya mutu, ƙafa ta sauka daga feda, numfashi ya tsaya, amma yatsan nan ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai, yana ta bugawa har da sauri. Ciyawar da ke gefe biyu ta buɗe, mutane suka fito daga cikinta, rigunansu jiƙe, kowa da bindiga. Bai iya ƙirga su ba, ido ya riga ya raina fata.

"Mun san dokarku," in ji na zaunen. "Sauko a hankali. Tura keken ka yi gaba kana bugawa, yadda ka saba, su ji tana tafiya. In ta yi shiru kai ma shiru za ka yi." Ya yi wa wani dogo mai takalmin roba ishara da kai. Dogon ya zo ya dafa bakin bindiga a tsakiyar bayan Zaharaddini, sauran suka koma cikin ciyawa suka kwanta a gefen kwalbatin, ciyawa ta rufe kamar ba kowa.

To, ba amfanin ɓoye-ɓoye: ya tura keken, ya yi gaba, ya buga. Ƙarfen nan mai sanyi yana tsakanin kafaɗunsa, gumi na bin ƙafarsa, yana buga wa mutanensa ƙararrawar da ke cewa ku taho, hanya lafiya. Zuciyarsa kuma ta shiga kawo masa dalilai, ita da ba ta rasa su. Wataƙila kaya kawai za su kwashe. Wataƙila in sun ga talakawa ne su kore su. In ya tsaya ma, ai wani zai karɓi keken ya ci gaba da bugawa, ya mutu a banza. Yana da mata, yana da 'ya'ya ƙanana. Wa ya taɓa cewa shi jarumi ne? Ai su suka tilasta shi, sun san halinsa.

Sai ya ji carar zakara daga baya.

Zakaran da ke cikin akurkin mai kaji ne, kuma ba shi da nisa yadda ya zata. Suna tafe. A ransa ya gan su sarai, Malam Dallatu a gaba yana karkata kunne, Muntaka a tsakiya yana tuƙi a hankali saboda an ja masa kunne, Inna ta riƙe rigarsa ta baya da hannu biyu. Nan ya tuna abin da wani da ya dawo daga hannun mutanen nan ya taɓa faɗa masa a kasuwa, yana faɗa yana kallon ƙasa. Ya ce da ƙafa ake kora mutane, cikin ƙaya, da sauri, ba hutu. Ya ce wanda ya kasa tafiya ba sa barinsa a baya da rai, don kada ya nuna inda aka bi. Inna ko tsakar gidanta ba ta iya tsallakewa sai ta dafa bango.

Murfin ƙararrawar keke murɗa shi ake yi. Kowane ɗan keke yakan kwance nasa ya jefa aljihu in ya jingine keke a kasuwa, saboda masu ɗauke-ɗauke. Zaharaddini bai yanke wata shawara ba, shi dai ya ga tafin hannunsa ya hau kan murfin. Ya buga, ya murɗa kaɗan. Ya buga, ya murɗa. Sautin ya soma dusashewa.

"Buga da kyau," in ji dogon, ya ƙara danna masa bindiga.

Ya buga da kyau. Ya murɗa. Sai ya ji murfin ya sake, ya zauna a cikin tafinsa. Ko a lokacin yana iya mayar da shi, ba wanda ya gani, kuma Allah ya sani ya so ya mayar. Zakaran ya sake cara. Ya wurga murfin, jifar da ko yaro zai ji kunyarta, don ko gefen titi bai kai ba. Murfin ya faɗi a kan kwalta, ya gangara da kansa, ya yi tangal-tangal a bakin kwazazzabo, ya faɗa cikin ruwa.

Gandu ya yi tsit. Ba ka jin komai sai gudun rafi da ɗigon ganye, sai kuma yatsan Zaharaddini da har yanzu ke danna ƙarfen da ba ya ƙara.

Gindin bindiga ya same shi a ƙeya. Bai san sa'ad da ya kai ƙasa ba, ya dai ji ana jan sa ta wuyan riga a kan kwalta har gaban kwalbatin. Ɗaya daga cikinsu ya dira cikin kwazazzabon yana lalube a jan ruwan da ya kai masa ƙugu, yana zagi. Wasu suka yunƙura za su bi hanya da gudu, na zaunen ya tsayar da su da hannu.

"Da ƙafa za ku kamo keke? Babura na can inda muka baro su. Ku kwanta. Da kansu za su zo." Ya sauko daga kan kwalbatin ya tsuguna a gaban Zaharaddini, ya dube shi ba fushi ba komai, abin da ya fi fushin ban tsoro. "Ashe kai mai wayo ne. To ɗaga murya. Ce musu ƙararrawa ce ta lalace, su taho."

Zaharaddini ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Kada wani ya ce ƙarfin hali ne, maƙogwaron ne ya ƙi. Daga can baya ya ji ƙarar ƙarafa na gwaruwa, wani abu ya faɗi kamar tire, kaji suka ɗauki kuka. Suna juyawa. Malam Dallatu ya cika dokarsa. Wani sanyi ya fara sauka a ƙirjinsa, ya ce a ransa alhamdu lillahi, ko yanzu aka kashe shi an makara.

Sai murya ta ratso daji.

"Zaharaddini!"

Da farko bai gane mai kiran ba. Muryar ya sani, sunan ma nasa ne, amma bai taɓa jin su tare ba. Shi ɗan fari ne. Tunda aka haife shi Inna Fanta ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gaban mutane ko su biyu a ɗaki. Wancan ne, yayan Muntaka ne, mai ƙwai ne. Yana yaro ya sha yi mata dabara, ya ce Inna wa aka aiko nema, ya sunana na gaskiya, ta kai masa duka da marar tuwo ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Ga shi yau furfura ta fara fito masa a gemu, sai a tsakiyar Gandu ya ji sunansa a bakinta, cikakke, ba ta yanke ko harafi ba. Ashe duk shekarun nan ta iya faɗarsa.

Idon mai rawanin ya yi dariya. "Tsohuwarka ce? To amsa mata mana. Ɗan halak ba ya ƙin amsa kiran uwa."

Shi ma ya san haka. Tun a makarantar allo aka gaya musu ko nafila kake uwa ta kira ka, ka sallame ka amsa. Maƙogwaron da ya ƙi buɗewa ɗazu yanzu ya buɗe, na'am ta hau har ta zo bakin haƙora. Ya yi tunanin ya kwarma ihu ya ce ku gudu, kome zai faru ya faru. Amma ya san Inna. In ta ji muryarsa ta tabbata yana da rai, ko da igiya ba za a ja ta ba. In ta tsaya Muntaka ba zai tafi ba, in Muntaka ya tsaya wasu za su tsaya. Abu ɗaya ne zai kore ta daga dajin nan, shi ne ta kira ta ji ba kowa.

"Zaharaddini!"

Wannan karon ya fi kusa. Ta sauka daga keken ke nan, tana tahowa da ƙafarta a kan kwalta, hannu miƙe a gaba, tana faɗawa ramukan ruwa. Ya ji muryar Muntaka ƙasa-ƙasa yana roƙo, "Inna, don Allah, don Annabi, Inna." Mutanen da ke cikin ciyawa suka gyara kwanciya, ya ji ƙarar bindiga ana ɗana ta a hankali.

"Ba sai ka yi magana ba ma," in ji mai rawanin. "Kuka ya isa." Ba zai harba ba, ya san ƙarar harbi za ta watsa su. Ya miƙe tsaye, ya sa dogon ya danne hannun Zaharaddini a kan kwalta, ya ɗora dunduniyar takalminsa a kan yatsun, ya saki nauyinsa, ya murza.

Wannan mutum ne da in za a yi masa allura sai an riƙe shi. Da ɗayan hannun ya fizgo hularsa ya cusa a baki ya cije. Wuta ta bi hannun ta hau har ƙwaƙwalwa, ya ji wani abu ya ƙarye, hawaye da majina suka haɗe masa, jikinsa na birgima a cikin taɓo. Ko nishi bai yarda ya fita ta hanci ba, domin Inna da idonta ya tafi kunnenta ya ƙaru, tarinsa ma tana ganewa daga bayan katanga. Aka ɗaga ƙafar, aka sake saukewa. Ya ƙara cusa hular.

"Zahara..."

Kiran ya katse a tsaka, irin katsewar wanda aka sura sama. Sai kuka, sai muryar Malam Dallatu a kausashe yana cewa, "Ɗora ta! Riƙe ta! Taka, Muntaka, taka!" Sarƙoƙi suka ɗauki ƙara. Ta sake kiran sunan cikin kuka, ta sake, tana yi yana nisa, har ya zama ba ka bambance shi da gudun ruwa.

Mai rawanin ya daɗe tsaye yana saurare. Daga nan ya ja dogon tsaki, ya ɗauke ƙafarsa. "Ka ɓata mana yini," ya ce. "To kai kaɗai za ka ɗauki abin da za su ɗauka su duka." Suka kwance robar da ke kariyar kekensa suka ɗaure masa hannu ta baya, ba ruwansu da karyayyun yatsu. Dogon ya hankaɗa keken cikin kwazazzabo. Aka tasa shi a gaba, aka kutsa cikin ciyawa, aka yi yamma.

Da suka yi nisa ya tofar da hular, ta fito jage-jage da jini. Tsoron da ya ɗan ja baya ya dawo masa gaba ɗaya, bai ragu da komai ba. Bai san inda za a kai shi ba, bai san ko zai sake ganin Gangarar Dashi ba. Ya tuna likitocin nan yau za su tafi, Inna za ta koma gida da yanarta. Amma abin da ya fi yatsun ciwo wani ne daban. Ta san ɗanta. Matsoraci ne, amma bai taɓa jin motsinta ya ƙi tasowa ba. Tunda har ta ajiye kunyar shekara da shekaru ta kira shi da sunansa bai amsa ba, ba wanda zai iya gaya mata yana da rai ta yarda. Za ta shiga ɗaki ta shimfiɗa tabarmar makoki.

Ya kasa kunne ta baya tsawon lokaci, ba komai sai ƙarar ciyawa da takun mutanen da ke kora shi. Sai da ya tabbata ta yi nisan da ba za ta ji ba, sannan ya buɗe baki.

"Na'am, Inna."

"Da wa kake?" in ji dogon.

Dogon ya tunkuɗa shi da bakin bindiga, suka ci gaba da tafiya.